Yaƙin basasar Cadi da shugabanninsa, 1965-1990: makaranta, harshe da mulki

1. Gabatarwa

Ƙasar Cadi ita ce maƙwabciyar Nijar ta wajen gabas, kuma ƙasashen biyu sun yi kama ta fuskoki da yawa. Faɗin Cadi murabba'in kilomita 1.284.000 ne, na Nijar 1.267.000. Dukansu ba su da bakin teku, dukansu Faransa ce ta mallake su, kuma cikin wata ɗaya suka samu ƴancin kai, watau Agusta na 1960: Nijar ran 3 ga wata, Cadi ran 11. Amma shekara biyar bayan haka sai Cadi ta faɗa cikin yaƙin basasa, wanda babban zangonsa ya ɗauki shekara 25, daga tawayen Mangalme na 1965 zuwa faɗuwar Hisen Habre a 1990.

An saba taƙaita wannan yaƙi da cewa faɗa ne tsakanin Arewa da Kudu, ko tsakanin Musulmi da Kirista. Akwai gaskiya cikin maganar, sai dai ba ta bayyana abin da ya sa sojojin Kudu suka kashe shugaban ƙasa ɗan Kudu a 1975 ba, balle abin da ya sa shugabannin Arewa suka juya wa juna bakin bindiga daga 1980. Wannan nazari zai bi tarihin yaƙin ta kan shugabanninsa, yana tambayar abu uku: wace makaranta kowannensu ya fito, da wane harshe ya yi mulki, kuma wane harshe ne talakan da ake yaƙi da sunansa yake ji. Za a ga cewa an yi ta jayayya a kan Faransanci da Larabcin littafi, harsunan masu takardar shaida, alhali harsunan da jama'a ke magana da su ba su samu mai tsaya musu ba.

2. Ƙasa ɗaya, makaranta iri biyu

Ran 22 ga Afrilu na 1900 sojojin Faransa suka kashe Rabe a Kusuri, a bakin kogin Shari. Kwamandan Lami, wanda rundunarsa ta biyo ta Damagaram, shi ma a ranar ya mutu, aka sa sunansa ga barikin da aka kafa a tsallaken kogin, For-Lami. Ƙasar da Faransawa suka haɗa daga nan tana da harsuna fiye da 120. A tsakiyarta akwai tsofaffin daulolin Musulunci, Kanem da Bagirmi da Wadai; a can arewa akwai Tubawa cikin Borku da Enedi da duwatsun Tibesti; a kudancin Shari kuwa akwai mutanen da ake tarawa ƙarƙashin sunan Sara, da maƙwabtansu. Shekaru aru-aru Bagirmi da Wadai suna kai harin bayi cikin ƙasar Kudu, kuma ba a manta da wannan ba a ɓangarorin biyu.

Mulkin mallaka ya juya wannan tsari. Kudu tana da ruwa da jama'a, saboda haka can aka ɗora noman auduga na tilas tun wajen 1928, can aka ɗebi leburorin hanyar jirgin ƙasa ta Kwango, wadda aka gina tsakanin 1921 da 1934 kuma ta ci rayuka masu yawa, can kuma aka ɗebi mafi yawan sojoji. Tare da wannan wahala ne makarantar boko ta shiga Kudu, ta hannun gwamnati da ta ƴan mishan waɗanda suka iso cikin shekarun 1920.

A ƙasashen Musulmi abin ya sha bamban. Faransawa sun ci Abeshe, babban birnin Wadai, a 1909, kuma a 1917 suka sa aka karkashe malamai da manyan garin da adduna. Malamai da yawa suka yi hijira zuwa Sudan, iyaye suka ƙaurace wa makarantar Nasara. Wanda ke neman ilimi mai zurfi sai ya nufi Sudan ko jami'ar Azhar ta Alƙahira. Da ƴancin kai ya zo, Cadi tana da masu ilimi iri biyu: masu Faransanci, mafi yawansu ƴan Kudu, waɗanda kujerun ofis ke jira, da masu Larabci, waɗanda takardunsu ba su buɗe ƙofar aikin gwamnati. A ƙarƙashinsu duka akwai talakawa, waɗanda ba su karanta ko ɗaya daga cikin harsunan biyu.

3. Tombalbai da jam'iyya ɗaya

Babbar jam'iyyar neman ƴanci ita ce PPT, reshen RDA a Cadi, kamar yadda PPN take a Nijar. Wanda ya kafa ta shi ne Gabriel Liset, ma'aikacin gwamnatin Faransa, ɗan asalin tsibirin Gwadalup. Faranswa Tombalbai, malamin makaranta daga ƙasar Sara, shi ya gaje shi: ya zama shugaban gwamnati a Maris na 1959, kuma cikin Agusta na 1960, yayin da Liset yake tafiya waje, ya hana shi komowa ƙasar.

A 1962 Tombalbai ya soke dukan jam'iyyu in ban da tasa. A Satumba na 1963 aka yi tarzoma a For-Lami sa'ad da aka zo kama wasu manyan ƴan siyasa Musulmi. Sojoji suka buɗe wuta, aka ɗaure shugabannin, cikinsu har da Ahmad Kulamalla. Daga nan babu sauran hanyar da ƙorafi zai bi ya isa fadar shugaban ƙasa.

A cikin karkara kuwa, kwamandan Bature ya tafi, wani ɗan ƙasa ya hau kujerarsa, amma sau da yawa shi ma baƙo ne a wurin. Matashi ne da ya fito makaranta a Kudu, aka tura shi Bata ko Wadai ko Gera, bai san harshen mutanen ba, bai san al'adarsu ba. Tsakaninsa da su sai tafinta da gardi da sarkin yanki. Rasit ɗin haraji da Faransanci aka rubuta shi, manomi ba ya iya duba ko abin da aka karɓa ya yi daidai da abin da aka rubuta. A 1964 gwamnati ta ƙara ɗora rancen ƙasa na tilas a kan haraji da jangali, kuma a wurare da dama aka karɓi kuɗin fiye da sau ɗaya cikin shekara.

4. Mangalme da kafuwar FROLINAT

A ƙarshen 1965, bayan damina, manoman Mangalme, a yankin duwatsun Gera, suka tashi da masu da wuƙaƙe suka kashe wasu ma'aikatan gwamnati. Sojoji suka zo suka rama da kisa mai yawa, mutane suka shiga daji, tawaye ya bazu zuwa Bata da Wadai da Salamat. Ya kamata mai nazarin Hausa ya lura cewa mutanen Mangalme Mubi ne, kuma harshensu yana cikin dangin harsunan Cadi, watau dangi ɗaya da Hausa. Ba Larabci ba ne harshensu na gida, ba kuwa don neman a ɗaukaka wani harshe suka tashi ba. Kukansu na haraji ne da wulaƙanci.

A can arewa ma haka. Sojojin Faransa sun ci gaba da riƙon Borku da Enedi da Tibesti har Janairu na 1965, sannan suka miƙa wa sojojin Cadi. Cikin wannan shekara aka kashe wani soja a Bardai, aka tara mutanen gari maza da mata aka ci mutuncinsu. A 1966 Darde Waddai Kishidemi, babban alƙalin gargajiya na Tubawan Tibesti, ya yi hijira zuwa Libiya, ƴaƴansa suka ɗauki makami. Ɗaya daga cikinsu shi ne Gukuni Waddai.

Ran 22 ga Yuni na 1966, a garin Nyala na Sudan, aka kafa ƙungiyar ƴantar da Cadi, FROLINAT, ƙarƙashin Ibrahim Abaca. Cikin mutanenta na farko akwai ɗaliban da suka yi karatu a Alƙahira. Tsarin manufofinta ya ambaci abu biyu da suka shafi masu aikin harshe: a mai da Larabci harshen hukuma tare da Faransanci, kuma a yaƙi jahilci. A nan ne kukan manomi da kukan mai takardar Larabci suka haɗu cikin ƙungiya ɗaya, ko da yake ba abu ɗaya suke nema ba.

An kashe Abaca a fagen fama cikin Fabrairu na 1968. Wanda ya gaje shi, Dakta Abba Sidik, likita ne, tsohon ministan ilimi, ɗan makarantar Faransa, kuma daga Aljeriya da Libiya yake ba da umurni. A 1970 ya kori Muhammad Bagalani, jagoran masu karatun Larabci, wanda ya je ya kafa tasa runduna. Rabuwar makarantu biyu ta shiga cikin tawayen kansa ke nan. A wannan lokaci Tombalbai ya nemi taimakon Faransa, sojojinta suka yi yaƙi a Cadi a 1968, sannan daga 1969 zuwa 1972, aka kuma aiko da tawagar gyaran tsarin mulkin karkara. Tawaye ya ja baya, amma bai mutu ba.

5. Sauya sunaye da faɗuwar Tombalbai

A 1973 Tombalbai ya rushe PPT ya kafa sabuwar ƙungiya, MNRCS, da kiran komawa ga al'adun gargajiya, irin yadda Mobutu ya yi a Zayar. For-Arshambo ta riga ta zama Sar. For-Lami ta zama Injamena, suna daga Larabcin Cadi wanda ake fassarawa da wurin hutawa. Shi kansa shugaban ya yar da Faranswa ya ɗauki Ngarta. Aka umurci ma'aikata su bar sunayen Turai.

Wannan juyi ya tsaya a kan sunaye da bukukuwa. Ba a mai da ko ɗaya daga cikin harsunan ƙasar harshen koyarwa ba. Yaro ya ci gaba da shiga aji yana jin Faransanci tun ranar farko, ko da sunan garinsu ya sauya. Abin da ya fi muni shi ne tilasta wa ma'aikata ƴan Kudu shiga yondo, tsarin horon samari na wasu ƙabilun Sara, wanda ake yi cikin daji da wahala mai tsanani. Fastocin da suka ƙi, an azabtar da su, an kashe wasu. Da haka shugaban ya ɓata da mutanen da suka fi kusa da shi, watau ƴan boko da Kiristocin Kudu.

Ya kuma ɓata da soja. A Yuni na 1973 ya ɗaure babban hafsan sojoji, Janar Felis Malum, bisa zargin maƙarƙashiya. A Agusta na wannan shekara aka harbe Dakta Utel Bono, ɗan adawa, a birnin Paris. Ran 13 ga Afrilu na 1975 sojoji suka auka wa fadar shugaban ƙasa, aka kashe Tombalbai, aka fito da Malum daga kurkuku aka ba shi shugabancin majalisar soja. Cikin hafsoshin da suka yi juyin akwai Wadal Abdulƙadir Kamuge, shi ma ɗan Kudu.

6. Gukuni, Habre da Malum

Daga nan nauyin tawaye ya koma hamada, hannun mutum biyu waɗanda tarihinsu ya bambanta. Gukuni Waddai Bateda ne, ɗan gidan sarauta, girmansa daga gidan ubansa ya samo shi. Hisen Habre kuwa Badaza ne daga Faya, ɗan talakawa, wanda makarantar boko ta ɗaukaka: ya yi aikin gwamnati, ya yi karatun shari'a da siyasa a Paris, ya komo a 1971 ya shiga tawaye. A 1972 aka ba shi shugabancin rundunar arewa, Gukuni yana mataimakinsa.

A Afrilu na 1974 mutanen Habre suka kama wasu Turawa a Bardai, cikinsu har da Faransuwaz Klostar, mai binciken kayan tarihi, wadda ba a sake ta ba sai Janairu na 1977. Wannan ya sa duniya ta san sunan Habre. Amma abin da ya raba shi da Gukuni a 1976 shi ne Libiya. Tun 1973 sojojin Gaddafi suka mamaye yankin Awuzu a kan iyaka. Habre ya ce ba za a karɓi makami daga hannun mai cin ƙasar Cadi ba; Gukuni ya ce a fara da kawar da gwamnatin Injamena, maganar Awuzu ta biyo baya. Habre ya fita da mutane kaɗan ya nufi iyakar Sudan.

Da makaman Libiya Gukuni ya ci Faya a Fabrairu na 1978. Cikin wannan wata aka yi taro a Sabha, wanda shugaban Nijar Saini Kunce ya halarta, kuma yarjejeniyar Bengazi ta watan Maris ta ɗora wa Libiya da Nijar sa ido a kan tsagaita wuta. Ba ta daɗe ba ta warware, sojojin Faransa suka komo suka tare ƴan tawaye a hanyar Injamena. Malum ya ga ba shi da mafita sai ya jawo Habre. Ran 29 ga Agusta na 1978 aka naɗa Habre firaminista, kuma tsarin mulkin wucin gadi da suka amince da shi ya mai da Larabci harshen hukuma tare da Faransanci. Abin lura shi ne, wanda ya cim ma wannan buri na FROLINAT mutum ne da ya yi karatunsa duka da Faransanci. A hannunsa Larabci tuta ce ta tara Musulmin ƙasar a bayansa. A idon ma'aikatan Kudu kuwa barazana ce ga aikinsu da addininsu.

7. Rushewar hukuma, 1979-1982

Ran 12 ga Fabrairu na 1979 faɗa ya tashi tsakanin ɗalibai a makarantar sakandare ta Felis Ebuwe, a Injamena, kan kiran yajin aiki da magoya bayan Habre suka yi. Sojojin firaminista da na shugaban ƙasa suka shiga, kafin dare birnin ya zama fagen yaƙi. An kashe ƴan Kudu a unguwannin Injamena, sauran suka gudu zuwa garuruwansu. A Mundu da Sar aka rama a kan Musulmi ƴan kasuwa. Da yake mafi yawan ma'aikata da malaman makaranta ƴan Kudu ne, tafiyarsu ta bar ofisoshi da azuzuwa wayam. Kamuge ya tattara jandarmomi ya koma Kudu, inda wani kwamiti ya riƙa mulki daga Mundu har 1982.

Maƙwabta suka shiga tsakani. A Maris na 1979 aka yi taro a Kano, tare da wakilan Nijeriya da Nijar da Libiya da Sudan da Kamaru, Malum da Habre duka suka sauka, Malum ya tafi zaman gudun hijira a Nijeriya. Bayan gajeren riƙon Lol Muhammad Shuwa, aka sa hannu a yarjejeniyar Legas ran 21 ga Agusta na 1979. Ƙungiyoyi 11 ne suka sa hannu, mafi yawansu ɓangarorin FROLINAT. A Nuwamba aka kafa gwamnatin haɗin kai ta wucin gadi, GUNT: Gukuni shugaba, Kamuge mataimaki, Habre ministan tsaro, Asil Ahmad, jagoran rundunar Larabawa, ministan harkokin waje.

Wata huɗu kawai aka yi. Daga Maris zuwa Disamba na 1980 Habre da Gukuni suka gwabza cikin Injamena, unguwa bayan unguwa, jama'a dubun dubbai suka ƙetare Shari zuwa Kusuri. A wannan karo Kamuge ɗan Kudu yana gefen Gukuni, duka suna yaƙar Habre. Tankokin Libiya ne suka raba gardama, Habre ya gudu. A Janairu na 1981 aka ba da sanarwar niyyar haɗe Cadi da Libiya, abin da ya tayar da hankalin maƙwabta. A Nuwamba Gukuni ya nemi Libiya ta janye, sojojin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka daga Nijeriya da Senegal da Zayar suka maye gurbinta, amma ba su tare kowa ba. Habre ya taso daga iyakar Sudan da taimakon Amurka da Masar, ya shiga Injamena ran 7 ga Yuni na 1982. Kafin ƙarshen Satumba ya ci Kudu.

8. Mulkin Habre

Gukuni ya koma Tibesti da goyon bayan Libiya, yaƙi ya ci gaba. Faransa ta aiko da sojoji a 1983 da kuma 1986, ƙasar ta rabu biyu a tsakiyar hamada. A 1987, bayan mutanen Gukuni sun ɓata da Gaddafi, sojojin Cadi ƙarƙashin Hasan Jamus, cikin ƙananan motoci ƙirar Toyota, suka ci Fada a Janairu, suka ci babban sansanin Wadi Dum a Maris. An tsagaita wuta a Satumba, kuma a Fabrairu na 1994 Kotun Duniya ta yanke cewa Awuzu ta Cadi ce.

A cikin gida kuwa Habre ya yi mulki da jam'iyya ɗaya, UNIR, da ƴan sandan ciki, DDS, waɗanda aka kafa a 1983. Zalunci ya bi jama'a ƙungiya ƙungiya. A 1984 aka auka wa Kudu, inda ƴan tawayen kodo suka tashi, aka karkashe ƴan boko da sarakunan ƙauyuka. Mutane suna kiran lokacin Baƙin Satumba. A 1987 aka juya kan Hajarai, mutanen Gera, waɗanda suka taimaka masa ya hau mulki. A 1989 aka juya kan Zagawa, bayan Hasan Jamus da Idris Debi sun gudu daga Injamena ran 1 ga Afrilu. An kama Jamus ya mutu, Debi ya tsira zuwa Sudan, ya kafa ƙungiyar MPS, ya shiga Injamena ran 2 ga Disamba na 1990. Habre ya sami mafaka a Senegal.

Kwamitin binciken da sabuwar gwamnati ta kafa ya ƙiyasta a 1992 cewa mutum 40.000 suka mutu ta hanyar kisa da tsarewa a zamanin Habre. A 2001 aka gano takardun DDS zube cikin tsohon ofishinta, masu ɗauke da sunayen mutum 1.208 da suka mutu a tsare ko aka kashe. Wata kotu ta musamman ta Tarayyar Afirka ta yi masa shari'a a Dakar, ta yanke masa ɗaurin rai da rai ran 30 ga Mayu na 2016. Ya mutu a Agusta na 2021. Idris Debi, wanda ya yi mulki shekara 30 yana fama da wasu sabbin tawaye, ya mutu a fagen fama cikin Afrilu na wannan shekara.

9. Sunayen da yaƙi ya yi aiki da su

Mai nazarin harshe zai lura cewa manyan sunayen da aka yi kisa da su, mafi yawansu sunaye ne da wasu suka laƙaba wa wasu. Hajarai kalma ce daga Larabci, daga sunan dutse, ma'anarta mutanen duwatsu. A ƙarƙashinta akwai Dangaleyat da Migama da Bidiyo, masu harsunan dangin Cadi, da kuma Kenga, waɗanda harshensu ya fi kusa da na Bagirmi da Sara. Sara kanta ta haɗa Ngambai da Sar da Mbai da Gulai da wasu, kuma a Kudu akwai jama'a da yawa, irin su Masa da Tupuri da Mundang, waɗanda ba Sara ba ne sam. Goran suna ne da Larabawa ke kiran Daza. Tubu daga bakin Barebari ya fito. Su kansu mutanen suna kiran kansu Teda da Daza, kamar ƴan'uwansu na Kawar da Ngigmi a Nijar. Kirdi, watau arne, kalmar raini ce da ta rage daga zamanin harin bayi. Kodo kuwa gutsuren kalmar Faransanci ce ta sojan kai hari.

Waɗannan sunaye sun tara mutanen da ba su jin maganar juna cikin buhu ɗaya, har ya yi sauƙi a hukunta ƙauye saboda laifin wani hafsa da ba su taɓa gani ba. Alhali kuwa akwai harshen da ke haɗa mafi yawan waɗannan jama'a a kasuwa da bariki da tashar mota, watau Larabcin Cadi, wanda Hausawa suka sani da Larabcin Shuwa. Da shi mayaƙan ɓangarori suke magana da juna, da shi ake jawabi ga taron jama'a, da shi rediyo ke isa ƙauye. Amma Larabcin da ke cikin takardun hukuma da makaranta shi ne na littafi, wanda sai an je makaranta ake iya shi. Taron ƙasa na 1993 ya yi muhawara mai zafi a kan batun harshe, tsarin mulkin 1996 ya tabbatar da Faransanci da Larabci a matsayin harsunan hukuma. Ƙididdigar UNESCO ta 2016 ta nuna cewa kashi 22 cikin 100 na manyan Cadi ne suka iya karatu da rubutu, shekara 50 cif bayan tsarin Nyala ya yi alkawarin yaƙi da jahilci.

10. Kammalawa

Ba harshe ne ya haddasa yaƙin Cadi ba. Haraji, da mulkin jam'iyya ɗaya, da tsohon tabon bauta, da kwaɗayin shugabanni, da hannun Faransa da Libiya da Sudan da Amurka, duk sun fi shi nauyi. Amma tarihin ya nuna abu uku da suka shafi masu tsara ilimi.

Na farko, rabon makaranta rabon mulki ne. Inda yanki ɗaya ya samu makaranta shekara arba'in kafin wani, kujerun ofis za su bi wannan rabo, kuma talaka zai ga hukuma da fuskar ƙabila ɗaya. Na biyu, doka tana iya ɗaukaka harshe cikin dare ɗaya, kamar yadda aka yi a 1978, amma in babu malamai da littattafai da yardar sauran jama'a, abin da za a samu shi ne sabon rabon kujeru tsakanin masu takarda, da sabon tsoro ga waɗanda ba su jin harshen. Na uku, ilimin da ke kare talaka shi ne wanda zai sa ya karanta rasit ɗin harajinsa, da ma'aunin audugarsa ko gyaɗarsa, da takardar sammacin da aka kawo masa, cikin harshen da yake ji.

Nijar ta bi wata hanya tun da wuri: ta fara karatun manya cikin harsunan gida a farkon shekarun 1960, ta halarci taron Bamako na 1966 kan ƙa'idojin rubutu, ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973. A 2025 dokar sake gina ƙasa ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Darasin Cadi ga masu wannan aiki shi ne, nauyin da ke kansu ya haɗa da mai jin Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci da Tubanci da sauransu, domin kada ɗaukakar harshe ɗaya ta zama sabon shinge tsakanin hukuma da wani ɓangare na jama'a.

Takardun DDS da aka kai gaban kotun Dakar da Faransanci aka rubuta su, kuma da Faransanci aka yi shari'ar. Da yawa daga cikin waɗanda suka tsira daga kurkukun Habre, da suka zo ba da shaida a 2015, sai ta bakin tafinta alƙalai suka ji su, kamar yadda kwamandan ya ji manoman Mangalme shekara 50 kafin nan.